Ba Daga Turmin Danya Aka Fara Ba

Na gaji da jin wasu matasa suna cewa wai Bahaushe bai san wasan kwaikwayon talabijin ba sai da Kannywood ta zo. Hujjarsu ɗaya ce: in an yi, ina yake a YouTube? Haba jama'a! Don abu ba ya cikin wayarka, shi ke nan ba a yi shi ba?

Ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Awolowo ta buɗe WNTV a Ibadan, gidan talabijin na farko a Najeriya. Enugu ta biyo baya a 1960, Kaduna ta samu nata a 1962, zamanin Sardauna. Shi kuwa Turmin Danya, wanda ake ɗauka fim ɗin bidiyo na farko a Kano, sai 1990 ya fito. Kafin nan Usman Baba Pategi ya daɗe yana kashe mutane da dariya a Samanja, ga Ƙasimu Yero a Karambana, ga Karkuzu a Jos. Yara kan yi cincirindo a tagar maƙwabci mai akwatin talabijin don su kalle su.

To me ya sa ba a ganin yawancin ayyukan farko? Da can, a ko'ina cikin duniya, yawanci kai tsaye ake watsa wasa. BBC ta soma shirye-shiryenta na talabijin na yau da kullum a 1936, amma na'urar naɗar hoto a tef sai 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da ita, da tsadar tsiya. Ɗan wasa na tsaye cikin zafin fitilu, manyan kyamarori na kansa, in magana ta shige masa duhu ba mai cewa a sake. Dole ya ƙirƙiro wata nan take. Ana gamawa wasan ya tafi ke nan. Da tef ya samu ma, sai a goge tsohon shiri a naɗi sabo a kai don tattali. BBC ɗin kanta haka ta rasa sassa da dama na shirinta Doctor Who. Sakacin ma'aikata ma ya taka tasa rawar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne waɗanda suka tsira, mu muke ƙarasa su. Tsohon kaset na nan a gidajenmu, yara na zare zarensa suna wasa. Don Allah wanda ya gaji irinsa kada ya zubar. A raba shi da rana, da danshi, da ƙura, a jingine shi a tsaye, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. In ya yi fumfuna kada a cusa shi a bidiyo, zai iya tsinkewa. A kai wa masu juya kaset zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi biyu a wurare daban, a rubuta sunan shirin da 'yan wasan tun dattawan da suka san fuskokin suna raye.