Yadda Muka Mayar da Ƙyallayen Tela Barguna Cikin Kwana Biyu

Mu ne ɗalibai mata na ajin ƙarshe. Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai shiga ɗan littafin bana, sai muka ga ya fi kyau mu bayyana aikin ɗinkin da muka yi ranar Asabar da Lahadi a watan Disamba, da yadda ake yinsa, don waɗanda ke bayanmu su ɗora daga inda muka tsaya, kuma kada su faɗa kurakuran da muka faɗa.

Mafarin zancen

Kowa a Damagaram ya san ɗarin Disamba da Janairu. Da rana hazo da iska, da asuba kuwa ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan alwala kamar ya yanke yatsu. Wata daga cikinmu tana biyowa ta gefen wani gidan burodi idan za ta zo makaranta, kullum sai ta tarar da ƙananan almajirai sun jingina da bangon tanda suna shan ɗumi. Ta tambayi ɗaya me yake rufa da shi da dare, ya ce buhu. Da ta faɗa mana a aji, Malama ta ce: "To, kun ji. Tausayin baki ba ya korar ɗari. Me ke hannunku?" Kuɗi dai ba mu da su. Amma takwas daga cikinmu sun iya taka keke, kuma kowace unguwa akwai tela da ke share ƙyallaye yana zubarwa.

Muka je da Malama wajen malamin yaran, muka gaishe shi, muka nemi izini. Ya ƙirga mana ƙananan da ba su da mayafi, su goma sha biyu. Wannan shi ne adadin da muka sa a gaba.

Mene ne bargon ƙyallaye?

Bargo ne mai hawa uku. Na sama shi ne fuska, ƙyallaye da aka yanka daidai aka haɗa. Na tsakiya shi ne ciki, wanda ke riƙe ɗumi. Na ƙasa shi ne baya, zane guda da ke taɓa jiki. Sai a ɗinke ukun tare don kada su rabu.

Abin da da yawa ba mu sani ba shi ne, bargo ba ya yin zafi da kansa. Jikin mutum ne ke fitar da ɗumi, bargo kuwa tare shi yake yi. Iskar da ta maƙale tsakanin hawa da hawa ita ce ke hana ɗumin tserewa. Shi ya sa zannuwa uku marasa kauri da aka haɗa sukan fi yadi ɗaya mai nauyi ɗumi.

Kuma wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga ƴan lifida. Lifidi yadi biyu ne da aka cusa wa auduga a tsakiya aka ɗinke layi-layi, don ya kare doki da mahayinsa daga kibiya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi Kano. A Bangaladash mata kan jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke su zama mayafi da ake kira kanta. A Amurka kuma akwai wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama mai suna Gee's Bend, inda mata suka daɗe suna yin barguna da tsofaffin kayan aiki saboda talauci. A 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen ajiye kayan fasaha, a 2006 aka buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa. Ashe abin da muke kira tsumma, wani wuri ado ne.

Tara kaya da tantancewa

Mako biyu kafin ranar, ƴan uwanmu maza na ajin suka zagaya wajen teloli a Birni da Zango da Kasuwar Dole, suka dawo da buhu huɗu na ƙyallaye. Iyayenmu mata suka ba da tsofaffin zannuwa masu sauran ƙarfi. Mu ashirin da shida kowace ta kawo dala arba'in, wato sefa 200, muka tara 5.200, muka sayi zare, allurai, ulu, sabulu da gawayin guga.

Ba kowane ƙyalle ke shiga ba. Yaran nan suna kwana kusa da wuta, don haka auduga kawai muka ɗauka. Yadin roba idan tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Wata tsohuwar tela a unguwarmu, wadda muke kira Inna, ta koya mana gwaji: a yanko ɗan ƙanƙani a riƙe da almakashi a kai ga ashana. Idan ya ci da wari irin na takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. Idan ya nannaɗe ya zama ɗan dunƙule mai tauri, roba ce, a ajiye gefe. Da wannan gwajin kusan buhu ɗaya da rabi ya fita.

Saboda wannan dalilin ne kuma ba mu cusa audugar rimi a ciki ba, ko da yake tana da ɗumi, don tana kama wuta da sauri. Ɗanyar auduga kuma tana dunƙulewa idan aka wanke. Sai muka sa tsofaffin zannuwa biyu-biyu a matsayin ciki.

Awo da lissafi

Nan ne darasin lissafi ya yi mana rana. Zane ɗaya yadi biyu ne, tsawonsa kusan santimita 180, faɗinsa kusan 115. Tun da shi ne zai zama baya, dole fuska ta ɗan fi shi ƙanƙanta, don a samu abin naɗowa a kalmashe baki. Muka tsayar da bargo mai faɗin 100 da tsawon 160. Idan kowane gida ya zama 20 da 20, to gida biyar a faɗi, takwas a tsawo, arba'in ke nan a bargo guda, 480 a barguna goma sha biyu.

Amma ba 20 ake yankawa ba, 22 ake yankawa, don ɗinki yana cin santimita ɗaya a kowane gefe. Muka yanka kwali mai 22 da 22, ana ɗora shi a kan ƙyalle a zana da alli sannan a yanka. Ƙyallen da bai kai ba, a haɗa biyu ko uku har su cika gida.

Ranar Asabar

Ƙarfe takwas muka hallara a tsakar gidan Inna. Keke huɗu muka samu aro, duk na ƙafa, uku Butterfly ɗaya tsohuwar Singer, don haka ɗaukewar wuta ba ta dame mu ba. Muka rabu: masu guga, masu zane, masu yanka, masu jera launi a kan tabarma, masu ɗinki. Ana haɗa gida biyar su zama layi, a goge bayan ɗinkin ya kwanta, sannan a haɗa layi takwas su zama fuska.

Kafin azahar muka yi karo da kuskurenmu na farko. Layukan keke ɗaya suka ƙi haɗuwa da na sauran, kullum gajeru. Inna ta auna ta ce: "Ke ƴata, ɗinkinki ya ci da yawa." Ashe ƴar uwarmu tana cin ɗaya da rabi maimakon ɗaya. Rabin nan ana ganinsa kamar ba komai, amma yana ci daga ƙyalle biyu, wato santimita ɗaya a kowane ɗinki. Layi yana da ɗinki huɗu, ga santimita huɗu sun tafi. Muka zauna muka warware layi goma sha ɗaya, wallahi har da ƙwalla. Daga nan Inna ta manna ɗan zaren ja a jikin kowane keke, daidai santimita ɗaya daga allura, kowa ya riƙa bin sa.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Ƙyallayen buhu na ƙarshe ba mu wanke su ba saboda gaggawa. Da aka yayyafa ruwa za a yi guga, wata jar atamfa ta zuba, ta ɓata fuska guda. Sabon yadi yana zuba, yana kuma tsukewa a wankin farko, tsohon zane kuwa ya gama tsukewarsa. Idan aka haɗa su ba wanki, ranar da aka wanke bargon sai ya yamutse. Don haka a wanke komai, a shanya, a goge, kafin almakashi ya taɓa shi.

Ranar Lahadi

Ranar haɗa hawa uku ce. Ana shimfiɗa baya a tabarma fuskarsa na kallon ƙasa, a ja shi ya miƙe, a ɗora ciki, a ɗora fuska. Mutum huɗu su riƙe kusurwa. Ɗinke shi layi-layi irin na lifidi zai ci kwanaki, sai muka bi hanyar ƙulli: a sa ulu a basilla, a soka ta ratsa hawa uku, a dawo da ita kusa, a ƙulla sau biyu, a yanke. Ƙulli ɗaya a duk mahaɗar gida huɗu, 28 ke nan, ɗaya kuma a tsakiyar kowane gida, 40, duka 68. Ana farawa daga tsakiya zuwa baki don kada yadi ya tattare. Daga ƙarshe a naɗo bakin baya sau biyu a kan fuska, a bi da keke.

Abu na ƙarshe, kuma kada a yi wasa da shi: mutum biyu su shafa bargon da tafin hannu ciki da waje. A bargo na huɗu mun tsinci fil guda da aka manta.

Da aka kira magariba barguna tara ne a hannunmu, ba goma sha biyu ba.

Gardamar da muka yi

Wasu suka ce a jira mako mai zuwa a cika, don kada a ba wasu yara a bar wasu suna kallo. Wasu suka ce ai ɗari ba ya jira, dare bakwai ba wasa ba ne. Kowa da gaskiyarsa. Sai Malama ta ce mu kai wa malaminsu, shi ya san yaransa. Da muka faɗa masa, ya yi murmushi ya ce: "Ƴaƴana, ai ƙananan nan bibbiyu suke kwana. Allah ya yi muku albarka." A daren kowa ya samu rufi. Sauran ukun muka kai ranar Lahadi ta gaba.

Akwai kuma maganar hoto. Wasunmu sun so a ɗauki yaran riƙe da barguna a sa cikin littafin nan. Ɗaya daga cikinmu ta ce: "Da ƙanenki ne, za ki so a buga hotonsa ana ba shi sadaka?" Aka yi shiru. Shi ya sa hoton da kuke gani na barguna ne a kan igiya.

Ga masu zuwa bayanmu

Ku fara tara ƙyallaye tun watan Oktoba, don mu mun makara, yaran sun riga sun sha ɗarin wata guda. Ku wanke komai tun da wuri. Ku yanka gidaje kafin ranar, don yanka ne ya cinye mana rabin Asabar. Kwalin awo da basilla shida suna wajen Malama.

Iyaye da teloli kuma, don Allah kada ku zubar da ƙyallen auduga da ya kai tafin hannu biyu, ku aiko shi makaranta. Muna godiya ga Inna da ta ba mu gidanta da iliminta, da waɗanda suka ara mana keke, da ƴan uwanmu maza da suka ɗauko buhuna.