Nasaran da Ba Turawa Ba

Idan kaka ta ce "zamanin Nasara", Turawan mulkin mallaka take nufi. Wataƙila shi ya sa ɗalibai da yawa ke ɗauka cewa Kiristanci addinin Bature ne, kuma duk Balarabe Musulmi ne. Amma kalmar Nasara Larabci ce, tana cikin Alƙur'ani, kuma waɗanda Larabawa suka fara kira da ita maƙwabtansu ne, wasu ma 'yan'uwansu na jini.

Tun kafin zuwan Musulunci akwai ƙabilun Larabawa Kiristoci, irin su Banu Taglib da Banu Gassan, masu tsare wa Rumawa iyaka a ƙasar Sham. Birnin Hira, a kudancin Iraƙi ta yau, ya yi suna da majami'unsa. Sai kuma Najran, wadda yanzu take Saudiyya kusa da iyakar Yaman. Wajen shekarar 523 wani sarkin Yaman mai suna Zu Nuwas ya hallaka Kiristocin garin da yawa don sun ƙi barin addininsu. Idan kun kai Suratul Buruj a Islamiyya, ku sani malaman tafsiri da dama suna danganta labarin mutanen ramin wuta da wannan kisa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, tawagar Kiristocin Najran ta je Madina, ta tattauna da Annabi Muhammadu (SAW), aka ƙulla yarjejeniyar aminci.

A Farisa kuwa, wato Iran da Iraƙi na yau, al'amarin ya fi sarƙaƙiya. Sarakunan can Majusawa ne, kuma babbar abokiyar gabarsu ita ce daular Rum. Da Sarki Kwanstantin na Rum ya rungumi Kiristanci, sai aka fara yi wa Kiristocin Farisa kallon 'yan leƙen asirin maƙiya. Daga wajen 340 Sarki Shafur na Biyu ya tsananta musu ƙwarai. Duk da haka a 410 shugabanninsu suka taru a babban birnin daular, wanda Larabawa ke kira Mada'in, suka tsara Cocin Gabas, mai ibada da harshen Suriyanci. Wannan coci bai dubi Turai ba, gabas ya nufa. Masu wa'azinsa sun bi ayarin fatake har suka isa babban birnin Sin a 635. Dutsen da aka sassaƙa labarin a kansa a 781 yana nan a birnin Shi'an.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Hunain bin Ishaƙ, Balarabe Kirista ɗan Hira, wanda ya rasu a 873. A Bagadaza, ƙarƙashin halifofin Abbasiyawa, ya fassara littattafan likitancin Girkawa masu yawa zuwa Suriyanci da Larabci, ya kuma rubuta nasa a kan ciwon ido. Ba ya bin kalma bayan kalma. Sai ya fahimci jimla sannan ya sake gina ta. Mai shirin jarrabawar fassara ya lura da wannan.

Har gobe suna nan. A Lebanon, bisa yarjejeniyar rabon mulki, shugaban ƙasa Kirista ne. A Iran an ware wa Kiristoci Armeniyawa kujera biyu a majalisa, Assuriyawa ɗaya. Balarabe Kirista "Allah" yake cewa idan yana addu'a, kamar yadda Bahaushe Kirista yake cewa.

Sai dai yaƙi ya rage su sosai. Kafin 2003 Kiristocin Iraƙi sun haura miliyan ɗaya. Yau 'yan dubu ɗari ne suka rage. Da ƙungiyar ISIS ta kama Mosul a 2014, ta riƙa rubuta harafin "nun", farkon kalmar Nasara, a bangon gidajensu kafin ta kore su. Wasu sun koma suna sake gini, da yawa sun yi ƙaura ke nan. A watan Maris na 2021 Fafaroma Francis ya yi addu'a a cikin kufan majami'un Mosul, kwana ɗaya bayan ya ziyarci Ayatullahi Sistani a gidansa da ke Najaf, 'yan kilomita kaɗan daga kufan Hira.