Wasan ski: kafin a koyi gudu a kan dusar ƙanƙara, tsayawa ake fara koyo

Daga watan Disamba zuwa Maris, mai kallon tashoshin wasanni na Turai yakan ci karo da hoto iri ɗaya: mutum sanye da hular kwano, ya duƙa, ya gangaro daga farin tsauni kamar an harbo shi daga baka. A shekarar 2013, a garin Wengen na ƙasar Suwizalan, Bafaranshe Johan Clarey ya kai gudun kusan kilomita 162 a awa guda yana tsaye a kan alluna biyu, ba inji, ba burki. Wanda ya ga haka daga Maraɗi ko Damagaram yana da hujja idan ya ce wasan na waɗanda suka gaji da duniya ne.

Sai dai ƴan gasa kaɗan ne cikin masu hawa tsaunukan. Mafi yawa iyalai ne da suka zo hutu, har da yara ƴan shekara huɗu da tsofaffi. Ɗaliban Nijar da ke karatu a Grenoble, ko Lyon, ko Marrakech, da ma'aikatan da ke zuwa horo a lokacin sanyi, sukan sami gayyata daga abokai a je a gwada. Wanda ya amsa gayyatar ba tare da ya san abin da ke gabansa ba, yana iya dawowa da gwiwa a ɗaure da takardar bashi a aljihu.

Me ake takawa?

Dusar ƙanƙara ba ƙanƙarar da ake sayarwa a bakin kasuwa lokacin azumi ba ce, ba kuma wadda ke zubowa da ruwan sama tana ɓata gero ba. Idan ta sauka sabuwa, laushi gare ta kamar gari, ƙafa tana nutsewa a ciki. A wuraren wasan, manyan motoci masu sarƙa ne ke bin hanyoyin da dare suna danne ta, su daidaita ta, da safe a tarar da ita sumul. Idan rana ta narkar da samanta, sanyin dare kuma ya sake daskarar da ita, sai ta yi tauri da santsi. Wannan ita ce ranar da mai koyo ya fi shan wuya.

Ski iri biyu ne manya. Akwai na tafiya a fili da ƙananan tuddai, wanda mutanen arewacin Turai suka daɗe suna yi don zirga-zirga da farauta. Akwai kuma na gangara, wanda Faransawa ke kira ski alpin saboda tsaunukan Alp, kuma shi ne ake magana a kansa a nan. A wannan ba a hawa da ƙafa. Kujeru ko ƙananan akwatuna da ke rataye a kan wayar ƙarfe ne ke kai mutum sama, shi kuma ya sauko da kansa. An shigar da wasan cikin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1936, a Garmisch-Partenkirchen ta Jamus.

Sai an sayi kaya?

A'a. A kowane wurin wasa akwai shagunan haya, kuma nan ya kamata mai koyo ya nufa. Za a ba shi alluna biyu, waɗanda su ne ake kira ski, kowanne da bakin ƙarfe mai kaifi a gefe biyu. Wannan bakin ƙarfen shi ke cizon dusar idan an karkata allon, da shi ake juyawa, da shi ake tsayawa. Na mai koyo gajeru ne, idan an tsayar da su ba su wuce haɓarsa ko hancinsa, don gajere ya fi sauƙin sarrafawa.

Takalman na roba mai tauri ne, suna kama ƙafa har tsakiyar ƙwauri, kuma tafiya da su a ƙasa abin dariya ce. Dole su matse ba tare da sun ƙuntata yatsu ba. Safa ɗaya mai kyau ta isa, wanda ya jera uku don tsoron sanyi jini ne zai hana gudana, ƙafar ta ƙara yin sanyi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne maƙalin da ke haɗa takalmi da allo. An ƙera shi yadda zai saki takalmin idan mutum ya faɗi da ƙarfi, don kada allon ya murɗe ƙafa. Mai shago yana daidaita shi ne bisa nauyin mutum, da tsawonsa, da shekarunsa, da girman takalminsa, da kuma gwanintarsa. Shi ya sa yake tambaya. A nan ne wasu ke cutar kansu: kunya ta hana mutum ya ce bai taɓa yi ba, sai ya ce ya ɗan iya, a ɗaure masa maƙalin da ƙarfi, ranar faɗuwa allon ya ƙi fita.

Sauran su ne sanduna biyu, da hular kwano, da tabarau, da safar hannu wadda ruwa ba ya ratsawa. Tufafi kuwa a jera su hawa uku marasa nauyi ya fi a saka babbar riga ɗaya, domin ana yin gumi sosai, kuma rigar auduga idan ta jiƙe sanyi take riƙewa.

Ina burkin yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace. Mai koyon kabu-kabu ma sai ya san inda burki yake kafin a bar shi ya hau titi. A ski kuwa jikin mutum ne burkin.

Darasin farko, wanda Faransawa ke kira chasse-neige, shi ne a haɗa kan allunan biyu a gaba, a buɗe bayansu, su yi kamar kan kibiya. Gwargwadon yadda aka tura dugadugai waje, haka gudun ke raguwa har a tsaya. Daga nan sai juyawa, wanda ke zuwa da abin mamaki: mai son ya juya hagu ƙafar dama yake dannawa, mai son dama ya danna ta hagu. Idan ya ci gaba da juyawar har allunan suka gitta gangaren, zai tsaya da kansa. Saboda haka ne ba a sauka a miƙe. Ana yin kwana-kwana ne daga wannan gefe zuwa wancan, kowace kwana tana cinye wani ɓangare na gudun. Ƴan gasar da ake gani a talabijin su ma juyawar suke yi, sai dai sun san iyakar gudun da za su iya riƙewa.

Babban abokin gabar mai koyo shi ne tsoro, domin yana sa shi yin akasin abin da ya dace. Da ya ga gangare sai ya ja jiki baya kamar mai zama a kujera. Nan take nauyi ya bar gaban allunan, su daina jin umarni, su ƙara gudu. Abin da malamai ke ta nanatawa shi ne a lanƙwasa gwiwa, ƙwauri ya jingina da gaban takalmi, hannuwa a gaba, ido yana kallon inda za a je, ba ƙafa ba.

Faɗuwa dole ce, kuma a kan dusa mai laushi yawanci ba ta da ciwo. An fi so a faɗi ta gefe, kada a yi ƙoƙarin miƙewa alhali ana cikin zamewa. Kafin a tashi, a jera allunan a ƙasa da jiki, a gitta su da gangaren, in ba haka ba su tafi da mutum tun bai gama miƙewa ba.

A Faransa, makarantar koyon ski ta ESF, wadda aka kafa a 1945 kuma ake gane malamanta da jajayen kaya, tana da reshe a mafi yawan wuraren wasan. Awa biyu a hannun malami sun fi yini guda a hannun aboki, ko da abokin gwani ne. Gwani yakan manta yadda rashin iyawa yake.

Me launukan ke nufi?

A Faransa an raba hanyoyin gida huɗu, kowace da alamarta a bakin hanya: kore ta masu koyo, shuɗiya mai sauƙi, ja mai wuya, baƙa ta gwanaye. Kafin a hau kujerar waya, a duba taswira a tabbatar akwai koriyar hanya da ke saukowa daga inda za ta ajiye mutum. Kujerar tana kai kowa sama ba ta tambayar ko ya iya, kuma yawancinsu ba a sauko da mutane a kansu.

Yaya haɗarinsa?

Gwiwa ce ta fi shan wahala, musamman jijiyar da ke cikinta, wadda idan ta tsinke sau da yawa sai an yi tiyata da watanni na jinya. Sai kafaɗa, da babban yatsan hannu idan an faɗi riƙe da sanda. Raunukan da ke kisa kuwa daga karo suke zuwa, ko da mutum, ko da itace, ko da dutse.

Hukumar ski ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji goma, kuma wadda ta fi shafar kowa ita ce: wanda ke gaba, wato ƙasa da mutum, shi ke da hanya. Ba shi da ido a ƙeya, don haka na baya ne zai kauce masa. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko a bayan tudu inda masu zuwa ba sa gani, kuma kafin a shiga hanya sai an dubi sama.

Wajen hanyoyin da aka shata, labarin daban ne. Can ne duwatsu ke ɓoye a ƙarƙashin dusa, can ne kuma dusar kan ɓalle daga jikin tsauni ta binne mutane. Ranar 29 ga Disamban 2013, a Méribel, shahararren direban tseren motoci Michael Schumacher, wanda ya iya ski sosai, ya ratsa wani ɗan fili tsakanin hanyoyi biyu, ya faɗi, kansa ya bugi dutse. Likitocin Grenoble sun ce ba don hular kwano ba da bai iso asibiti da rai ba. Tun daga lokacin bai sake fitowa bainar jama'a ba.

Akwai kuma abin da ya shafi mutanen yankinmu fiye da Turawa. Ƙauyen Val Thorens yana kan tsayin mita 2,300, wato ya ɗara Idoukal-n-Taghès na tsaunukan Bagzan, wuri mafi tsayi a Nijar, mai mita 2,022, kuma daga ƙauyen ne ake fara hawa. A irin wannan tsayi iskar shaƙa ta ragu, sanyi ya ƙaru, jiki yana bushewa ba tare da an ji ƙishirwa ba. Waɗannan abubuwa uku su ne ke tayar da ciwon amosanin jini, wato sikila. Mai wannan cuta kada ya hau sai ya ga likita, kuma wanda ya san yana ɗauke da ƙwayarta ma ya kamata ya tambaya. Rana ma ba ta raga wa baƙar fata a can: sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na haskenta mai ƙuna, wanda ke iya ƙona ido ya hana mutum buɗe shi kwana ɗaya ko biyu. Tabarau ba ado ba ne.

Nawa ake kashewa?

Wasa ne mai tsada, ko a wurin Turawan. A manyan wurare na Alp, katin hawa kujerun waya na yini guda ya haura yuro 60, kimanin jika 40 na sefa, ban da hayar kaya, da malami, da masauki. Mai koyo bai buƙatar wannan katin. Ƙananan wurare sun fi araha, kuma da yawa suna da fili na masu koyo mai rahusa ko kyauta.

Abin da baƙi ba su cika sani ba shi ne, a Faransa, ɗauko wanda ya ji rauni a kan hanyar ski ba kyauta ba ne. Ana biyan ɗaruruwan yuro, idan kuma jirgi mai saukar ungulu ya shigo ciki kuɗin na iya kai dubbai. Ana sayar da inshora ta yini tare da katin hawa a kan ƴan yuro kaɗan. A Italiya kuwa, tun 2022 doka ta wajabta wa duk mai ski ya mallaki inshorar da za ta biya idan ya ji wa wani rauni.

Ƴan Afirka fa?

A gasa, nau'in da ya fi gudu shi ne saukowa kusan a miƙe, irin na Wengen. A ɗaya ƙarshen akwai slalom, inda ake ratsa sanduna da aka kafa kusa da juna. Ɗan Senegal Lamine Guèye, wanda ya kafa hukumar ski ta ƙasarsa a 1979, shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya yi wasan a Olamfik, a Sarajevo a 1984, ya kuma sake zuwa a 1992 da 1994. Bayansa an ga Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana a 2010, da Sabrina Simader ta Kenya a 2018. Gasar 2030 an ba Faransa, a tsaunukan Alp.

A nahiyar kanta ma ana yi. Oukaïmeden na Maroko, mai nisan kimanin kilomita 75 daga Marrakech, yana kan tsayin mita 2,600, sai dai dusar ba ta da tabbas, wata shekarar ta sauka, wata shekarar tsaunin ya zauna tsirara. A Lesotho akwai Afriski, inda sanyi ke zuwa daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da manoman Tawa da Maraɗi ke cikin gona.