Dakashi da Abincin Farko na Jariri a Al'adar Bahaushe

Gabatarwa

Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna, Bahaushe yana ɗaukar jariri tamkar baƙo wanda bai gama zama ba. Shi ya sa kwanakin nan bakwai suke cike da tsare-tsare: ungozoma ta yanke cibiya, a binne mabiyiya, a yi wa jariri huɗuba, mai jego kuma ta shiga wanka. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare, wato abin da ake fara sa wa jariri a baki.

Ma'anar Dakashi

Dakashi shi ne nonon farko da ke fitowa bayan haihuwa, ga mace ko ga dabba. Yana da kauri da danƙo, launinsa ya yi ruwan ɗorawa, kuma ba shi da yawa. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 4 kafin farin nono ya kawo.

Matsayinsa a Al'ada

Wannan kama tasa ita ta sa tsofaffi suka yi masa kallon gurɓataccen nono wanda ya daɗe kwance a ƙirji. Saboda haka a gidaje da yawa akan tatse shi a zubar. A wasu wurare har gwaji ake yi, musamman ga mai haihuwar fari: a tatsa kaɗan a ludayi, a jefa tururuwa. In ta fita da rai, nono ya yi kyau. In ta mutu, sai a nemi magani. Kafin nan akan riƙe jariri da ruwan ɗumi, ko madarar akuya, ko zuma, ko ruwan rubutu. Ba ƙiyayya ce ta kawo haka ba, tsoron cutar da baƙon ne.

Abin da Likitoci Suka Gano

Binciken likitoci ya nuna cewa dakashi yana ɗauke da sinadaran kariya daga jikin uwa, waɗanda ke shafe hanjin jariri su tare ƙwayoyin cuta. Yana taimakawa wajen fitar da baƙin kashin farko. Ƙarancinsa ba aibu ba ne, domin a ranar farko cikin jariri bai fi ɗaukar ƙaramin cokali guda ba a lokaci ɗaya. Tsotson kuma yana sa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu, nono ya kawo da wuri. Ruwa da madarar dabba kuwa suna iya jawo gudawa, zuma ma tana da haɗari ga yaron da bai shekara ba. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa. Tun 2001 kuma ta tsayar da wata 6 na nono zalla.

Kammalawa

Hujjar ba ta asibiti kaɗai ba ce. Makiyayi ya daɗe da sanin cewa ɗan maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙwari. Manufar kakanni ita ce jariri ya kai ranar suna lafiya, har ya wuce. Ba shi dakashi yana cika wannan manufa, kuma bai rage komai daga huɗuba, ko ragon suna, ko martabar ungozoma ba.