Mahuta: Faɗakarwar da Ba Ta Kai Bakin Titi Ba

Wanda ya bi hanyar Kaciya daga Sabon Tasha zuwa Mahuta zai ga ma'aikata iri biyu. Can ciki ga matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, inda ƙa'ida ta hana taka filin aiki ba hular kwano da takalmin kariya. A bakin titi kuwa ga masu walda da makanikai da masu faci da masu ɗura gas, yawancinsu sanye da silifas, yaron shago yana kare ido da tafin hannu in oga ya kunna wuta.

Mutanen yankin ba su manta da Asabar 4 ga Janairu 2020 ba. A ranar ce gas ya fashe a wani shago a Unguwar Boro, maƙwabciyar Mahuta, ya hallaka mutane, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wanda aski ya kai shi wurin. Bayan haka gwamnan jihar na lokacin, Nasir El-Rufai, ya ba da umarnin rufe shagunan gas da ke cikin unguwanni. Umarnin ya dace, amma rufe shago ba ya koya wa kowa yadda gas yake.

Ga abin da ya kamata kowane yaron shago ya haddace. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, shi ya sa in ya zuba ba ya tashi sama, sai ya kwanta ƙasa ya bi kwata ya shige ƙarƙashin ƙofar maƙwabci, yana jiran tartsatsi. Warin da ake ji ma da gangan ake zuba masa don a gane yoyo. In an ji shi, a rufe tukunyar gas, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki ko janareta. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin wajen kashi 20 cikin 100 saboda zafi yana kumbura shi. Haka mai walda: durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ya fi haɗari in babu komai a ciki, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa. Bayanin duk bai kai minti biyar ba. Wa ya taɓa tsayawa ya yi musu shi da Hausa?

Doka dai akwai ta. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 da ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF. Tun 2003 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ware 28 ga Afrilu don tunatarwa kan lafiyar ma'aikata. Sai dai tarurrukan ranar galibi a ɗakin taro ake yinsu, da Turanci, ga mutanen da suka riga suka sani. Mai faci ba ya rufe shago ya je.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jin ana cewa "in kwana ya ƙare ba makawa". Gaskiya ne, amma ba limami ko fasto da zai ce a bar rigakafi da sunan tawakkali.

A ganina mabuɗin yana hannun oga, domin abin da yaro ya ga ogansa yana yi shi yake ɗauka sana'a. Ina kira ga Ƙaramar Hukumar Chikun da hukumar kashe gobara ta jiha da ƙungiyoyin masu sana'a su fito da faɗakarwar nan zuwa gareji da bakin kasuwa, su shigar da ita rediyo da masallatai da majami'u, a gwada wa mutane yadda ake riƙe tukunyar kashe gobara da hannunsu. Kai kuma mai shago, kafin ka karɓi ɗan wani ya koyi aiki, ka fara saya masa tabarau da safar hannu.