3.4 Cire Layin Tsaye da Sauya Shi a Jadawalin Bayanai

Kamar yadda aka nuna a baya, an adana sunayen garuruwan da wannan nazari ya tattara daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ne a jadawali guda cikin manhajar MySQL. Kowane layin tsaye yana ɗauke da nau'in bayani ɗaya, wato sunan gari, ko ƙaramar hukumarsa, ko masarautarsa. Umarnin da ake rubutawa don taɓa waɗannan layuka shi ne ALTER TABLE.

Layin masarauta shi ya fi ba mai nazari wahala. A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, akasarin waɗannan ƙananan hukumomi suka faɗa ƙarƙashin Rano. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar, sannan da aka sake kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu a watan Yuli, ba a sa su ciki ba. Ke nan duk garuruwan sun koma amsa ɗaya, wato Kano, har a ga kamar layin ba shi da sauran amfani. Cire shi abu ne mai sauƙi:

ALTER TABLE garuruwa DROP COLUMN masarauta;

Sai dai wannan umarni ba ya tambaya, kuma a MySQL ba a janye shi bayan ya gudana, sai in akwai kwafin ajiya. Da an cire layin, da shaidar shekaru biyar ɗin nan ta tafi da shi, alhali wasu daga cikin hirarrakin nazarin suna ambaton Rano. Don haka aka zaɓi sauya masa suna kurum:

ALTER TABLE garuruwa RENAME COLUMN masarauta TO masarauta_2019;

Wannan siga ta fara aiki ne daga MySQL 8.0, kafin nan da CHANGE ake yi.

Sauyi na biyu ya shafi ƙa'idar rubutu. Tsarin haruffa na latin1 bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, saboda haka suna irin Daɗin Kowa ta Doguwa kan fito da alamar tambaya a gurbin ɗ. An yi amfani da MODIFY aka mayar da layin sunaye zuwa utf8mb4. Abin lura a nan shi ne, sauyin bai gyara sunayen da suka riga suka lalace ba. Sai da aka koma littafin da aka rubuta su da hannu aka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya.