Rake, Mazarƙwaila da Barasar Tsibirai

Duk wanda ya ratsa kasuwar Maigatari da ke ƙasar Gumel a Jihar Jigawa ranar Alhamis, ya wuce kara inda ake cinikin shanu da raƙuma, ya iso layin masu kayan zaƙi, ba zai rasa ganin mazarƙwaila a jere bisa faranti ba, wata ja, wata ta yi duhu har ta kusa baƙi. Alhali kuwa kaɗan ne daga masu sayenta suka san cewa ruwan raken da aka dafa aka same ta, shi ne asalin wata barasa da ake kira ram, wadda mutanen tsibiran Karibiyan, irin su Barbados da Jamaika, suke alfahari da ita a duniya.

Rake baƙo ne a can. Daga Asiya ya taso, Musulmi suka yaɗa nomansa zuwa Masar da Maroko da Andalus, sa'an nan Kolombus ya ƙetara teku da shi a shekarar 1493. Da Turawa suka ga ribar sukari, sai suka mai da tsibiran nan gonaki, suka cika su da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, har da ma'abota ilimi kamar Abubakar Siddiƙ ɗan Tambutu, wanda ya yi shekaru cikin bauta a Jamaika kafin a 'yanta shi a 1834. A wajen dafa sukari, idan ƙwayarsa ta daskare aka tsame, akan bar wani baƙin ruwa mai kauri, mai kama da maɗi, wanda da fari ba a san abin yi da shi ba, sai a ba dabbobi ko a zubar. Amma zuwa tsakiyar ƙarni na 17 mutanen Barbados sun gano cewa in aka sirka shi da ruwa, aka bar shi ya tsima, aka tafasa aka tare tururinsa, to, ya zama barasa mai kaifi, wato ram. Da ita aka riƙa biyan farashin waɗansu bayin a bakin tekun Afirka, kuma sojojin ruwan Ingila ba su daina karɓar rabonsu na kullum ba sai a 1970.

Mashayanta sukan tsawaita bayani a kan baƙar ram: wai a shinshina kafin a kurɓa, wai ana jin ƙanshin ƙonannen sukari da hayaƙi da kayan yaji. Haƙiƙanin al'amari shi ne, lokacin da ta fito daga tukunya fara ce tas kamar ruwa, duhun kuwa yana zuwa ne daga gangar itacen da aka babbake cikinta aka adana ta shekaru, ko daga ƙonannen sukarin da ake ɗiga mata. Ashe mafi yawan abin da ake yabo ɗanɗanon dafaffen rake ne, wanda Bahaushe ya daɗe da saninsa ba tare da ya sayar da hankalinsa ba. Hukuncinta a shari'a ba ya bukatar dogon bahasi, domin fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa duk abin da yawansa ke sa maye, ƙanƙaninsa ma haramun ne, ko daga inabi aka yi shi, ko dawa, ko rake. Jihar Jigawa kuma tana bin shari'a tun shekarar 2000.

Mazarƙwaila ita ce tafarkin halal na wannan ni'ima. A ƙasar Zazzau, musamman wajen Maƙarfi, ana matse rake da injin da doki ke juyawa, a tafasa ruwan cikin babban kasko ana kwashe kumfa, har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanuka ya sandare. Da yake ba a raba ta da baƙin ruwan nan ba, zaƙinta yana da nauyi da ƙanshi, ga ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe idan wuta ta kama ta sosai, kuma wanda ya taɓa shan koko ko fura da ita ya san farin sukari bai kama ƙafarta ba.

Mas'alar baƙin ruwan rake ta shafi ƙasar Gumel kai tsaye. A zamanin Gwamna Badaru Abubakar an ware wa kamfanin Lee Group hekta dubu 12 a yankunan Gagarawa, Sule Tankarkar, Garki da Taura domin noman rake da masana'antar sukari, lamarin da ya jawo koke-koken manoma a kan gonakinsu na gado. Kowace masana'antar sukari kuwa, tilas ta tara baƙin ruwan nan tuli, kuma tilas a samar masa mafita. Yana ƙiba dabbobi idan aka gauraya shi da dusa ko harawa, ana yin yis na burodi da shi, ana kuma fitar da sinadarin da ake haɗawa da man fetur. Ga babbar kasuwar dabbobi a Maigatari, ga yankin ciniki marar haraji a bakin iyakar Nijar, ga masu kiwo daga Damagaram har Haɗejiya suna neman abincin dabba da rani. Muna kira ga hukuma da sarakuna da malamai su nemi a rubuta a fili, cikin kowace yarjejeniya da masu masana'anta, inda baƙin ruwan rakenmu zai tafi, kuma a sa makiyayan yankin a gaban layi.